Gilgamesh riba ya ci ko wahalar banza ya sha?

Ɗan Gwale:
Salamu alaikum 'yan gida. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutu, wata magana ce ta tsaya min a rai tun shekaranjiya. Ƙanina da ke karanta tarihi ya bar wasu takardunsa a ɗakina, an ɗauke wuta ba abin yi sai na haska fitilar waya na fara dubawa, kafin na ankara har an yi kiran assalatu. Labarin wani sarki ne wai shi Gilgamesh na birnin Uruk, can kudancin Iraƙi ta yanzu, yana cikin tsofaffin waƙoƙin jarumta da aka taɓa rubutawa a duniya, a kan allunan yumɓu 12.

A taƙaice dai, sarki ne ƙaƙƙarfa kuma azzalumi, ya addabi mutanensa, samari ba hutu amare ba kwanciyar hankali, sai aka haɗa shi da daidai da shi, wani mutumin daji Enkidu. Suka yi kokawa suka gaji suka koma aminai. Suka je dajin al'ul suka kashe dodon da ke gadinsa, Humbaba, ba don komai ba sai don a riƙa faɗar sunansu. Daga baya Enkidu ya kwanta ciwo ya mutu, to daga nan ne gogan naka ya birkice, ya bar sarauta ya shiga duniya da fatar zaki a jikinsa yana neman maganin mutuwa. Bai samu ba. Ya dawo gida hannu rabbana, abin da kawai ya iya yi shi ne ya ce wa mai fiton da ya rako shi, hau kan ganuwar garina ka duba tubalin nan. Tafiyar ta ƙare ke nan fa.

To tambayata, mutumin nan riba ya ci ko asara? Ni na rasa gane wa marubucin, yabonsa yake ko dariya yake masa.

Baban Khalifa:
Wa alaikumus salam. Riba mana, har da tambaya? Masana na cewa in ma ya rayu da gaske to wajen 2700 kafin Miladiyya ne, yau ga mu a 2000 da wani abu, kai a Kano ni a Kaduna muna kiran sunansa da tsakar dare. In ba wannan ne rashin mutuwa ba to mene ne? Ni ko sunan kakan kakana ban sani ba wlh.

Maman Ilham:
To Baban Khalifa sunan da muke kira me ya ƙara masa? Yana jin mu ne? Ku maza kuna da son a ce wane ya yi kaza ko da kuwa bayan ransa ne.

Baban Khalifa:
Hajiya ai in ka ji wane ba banza ba 😄

'Yar Adabi:
Yaya Ɗan Gwale ka tsallake wajen da ya fi taɓa ni a duk labarin. Da Enkidu ya mutu Gilgamesh ƙin yarda ya yi a binne shi, ya zauna da gawar kwana 6 da dare 7 wai ko zai tashi, sai da tsutsa ta faɗo daga hancin mamacin sannan ya saki. Ku tsaya ku kalli wannan da kyau. Mutumin da ya kashe dodo, ya kashe bijimin sama da gunkiyarsu Ishtar ta turo musu, wanda a da shi ne ke ce wa Enkidu me kake tsoro, ai kwanakin ɗan Adam ƙidayayyu ne, in na faɗi a yaƙi na bar suna. Duk wannan cika bakin tsutsa guda ɗaya ce ta rushe shi. Wato a farkon labari ya riga ya yarda da maganar Baban Khalifa, suna ya wadatar. Da ya ga gawar amininsa ido da ido sai ya ce a'a, ni ba suna nake so ba, raina nake so. Saboda haka amsar da Baban Khalifa ya bayar ita ce amsar da shi kansa Gilgamesh ya yi watsi da ita tun a tsakiyar tafiya.

Maman Ilham:
Allah sarki. Wannan na gane shi sarai. Ranar da yayana ya rasu ni ce a gefen gadonsa a asibiti, likita ya zo ya duba ya ja zani ya rufe masa fuska, ni kuwa na buɗe na ci gaba da yi masa fifita da kwalin magani don ɗakin da zafi, har wata nas ta dafa ni ta ce Hajiya ki bari haka. Na fi minti ashirin ina fifitar nan. Ba wai ban san ya rasu ba, hannuna ne ya ƙi tsayawa. Mu dai alhamdu lillahi addini ya hutar da mu, ana sallar azahar aka kai shi makwancinsa, da an bar mutum da zuciyarsa wlh zai iya yin kwana bakwan nan.

Ɗan Gwale:
Allah ya jiƙansa Anti, ya sa ya huta.

Baban Khalifa:
Allah ya gafarta masa Hajiya.

Direban Dare:
Amin. Ni kuma ina kan hanyar Legas yanzu haka, mun tsaya ana duba taya shi ne na leƙo. Wai ya Gilgamesh ya ƙare da maganin mutuwar, ya ga wanda ya je nema ko kuwa?

Ɗan Gwale:
Ya gan shi Direba, kuma wajen nan kai zai fi yi wa daɗi. Bayan ya ratsa wani rami cikin dutse mai duhu ƙirin, ya haye ruwan da in ya taɓa ka ka mutu, ya isa wurin wani tsoho Utnapishtim, shi da matarsa ne kaɗai aka bai wa rai na har abada bayan sun tsira daga ambaliya a cikin jirgi. Tsohon ya ce masa to kai mai neman kada ka mutu, ga gwaji ƙarami, kada ka yi barci kwana 6 da dare 7. Mutumin naka yana tsugunawa barci ya yi awon gaba da shi. Sai tsohon ya ce wa matarsa, ɗan Adam maƙaryaci ne, in ya tashi zai musa, ki riƙa gasa gurasa ɗaya kullum kina ajiyewa a kusa da kansa. Da aka tashe shi kuwa budar bakinsa sai cewa ya yi ai yanzun nan na ɗan rintsa ka taɓa ni. Aka ce ƙirga gurasarka. Ta farko ta bushe ƙamas, wata ta yi tauri kamar fata, wata ta yi laushi ta jiƙe, wata ta yi hunhuna, ta ƙarshe ce kawai ke kan garwashi da zafinta.

Direban Dare:
Hhhhh wayyo cikina. Ai wannan yaron motata ne sak, daga Kwanar Ɗangora zai fara gyangyaɗi in na taɓa shi a Zariya ya ce oga ni idona biyu. Amma tsakani da Allah tsohon nan mugu ne, ni da nake sana'ar hana ido barci, goro da shayi mai kauri da wanke fuska da ruwan sanyi, ban taɓa haɗa kwana biyu cur ba sai na fara ganin shanu a kan titi inda babu shanu. Barci ƙanin mutuwa ne, wanda ƙanin ya kayar ina shi ina yayan.

'Yar Adabi:
Direba ka san Girkawa ma haka suka ce? A waƙar Iliyad barci da mutuwa tagwaye ne, su biyu ne suka ɗauke gawar wani barde Sarpedon daga fagen fama suka kai shi garinsu.

Direban Dare:
To ashe ni ma malami ne ban sani ba.

Malam na Zariya:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Da farko dai mu san cewa waɗannan labaran mutanen da ke bautar gumaka ne, ana karanta su don sanin yadda mutanen da suka yi tunani, ba don ɗaukar aƙida ba. Amma ciwon da ke cikin labarin tsoho ne ƙwarai, ya girmi Uruk. Ku duba Suratu Ɗaha aya ta 120, da me Iblis ya yaudari Annabi Adamu (AS)? Cewa ya yi in nuna maka bishiyar dawwama da mulkin da ba ya tsufa. Abu biyun nan dai, rai da mulki, su ne Gilgamesh ya bi.

Sai maganar suna da Baban Khalifa ya kawo. Akwai hadisi a Sahihu Muslim daga Abu Huraira kan mutanen farko da za a yi wa hukunci ranar ƙiyama, ɗaya daga cikinsu wanda aka kashe ne a fagen fama, ya ce ya Ubangiji dominka na yi yaƙi, a ce masa ƙarya kake, ka yi ne don a ce wane jarumi ne, kuma an faɗa. Wannan "kuma an faɗa" ɗin ita ke ba ni tsoro. Wato abin da ka nema an biya ka shi tun a duniya, ba ka bin kowa bashi.

Baban Khalifa:
Allah gafarta Malam ban musa ba, amma ai shi ba musulmi ba ne, bai san da wata lahira mai aljanna ba. A nasu tunanin kowa in ya mutu gidan ƙura yake tafiya, sarki da bawa, duhu kawai da cin laka. Mutumin da abin da ke gabansa ke nan me ya rage masa in ba suna ba? Ni da mizaninsa nake auna shi.

Malam na Zariya:
Wannan gaskiya ne kuma ka yi adalci. Larabawan jahiliyya ma haka suke. Mawaƙinsu Ɗarafa ɗan Abdu a shahararriyar ƙasidarsa, mu'allaƙa, yana ce wa mai zarginsa, kai da kake hana ni shiga yaƙi da jin daɗin duniya, za ka iya dawwamar da ni ne? In ba za ka iya kare ni daga mutuwa ba to ƙyale ni in tare ta da abin da ke hannuna. Kuma bai kai shekara 30 ba aka kashe shi a Bahrain, shi da kansa ya ɗauki wasiƙar sarkin Hira, Amru ɗan Hindu, wadda ke ɗauke da umarnin a kashe shi, ya ƙi buɗewa. Muna ɗalibai mun haddace baitocin nan don nahawu da lugga, sai da na girma na binne abokai sannan na ji me yaron yake faɗa.

Mai Shayi 2:
Ni fa wajen jirgi da ambaliya ne ya ɗaure min kai, wannan ba labarin Annabi Nuhu suka sata ba?

Malam na Zariya:
Kada mu cakuɗa. Ƙissar Annabi Nuhu (AS) muna ɗaukarta daga Alƙur'ani. Mutanen wancan yanki suna da labarin ruwan ɗufana a rubuce, da jirgi da sakin tsuntsaye, sun cusa gumakansu a ciki. Wannan darasi ne na wata rana.

Admin:
Dan Allah a tsaya kan maudu'i, kar a buɗe wancan babin da daren nan, wancan satin sai da na cire mutum biyu.

'Yar Adabi:
To bari in dawo da mu. Baban Khalifa in kana neman wanda ya goyi bayanka ɗari bisa ɗari ai ba Gilgamesh ba ne, Akilis ne na Girka. Shi uwarsa ta faɗa masa ƙarara hanya biyu ce a gabanka, in ka tsaya yaƙin Troy ba za ka koma gida ba amma sunanka ba zai gushe ba, in ka koma gida za ka yi tsawon rai amma ba mai tunawa da kai. Kuma abin mamaki shi ma kamar Gilgamesh mutuwar amini ce ta juya shi, Hekta ya kashe Patrokulas, shi ne ya koma fagen fama ya kashe Hekta ya ɗaure gawar a bayan keken doki yana ja, alhali ya san nasa ajalin na biye. Bambancin kawai, ɗaya mutuwar aboki ta sa shi gudun mutuwa, ɗaya ta sa shi ruga mata.

Amma ga inda gizo ke saƙa. A ɗaya waƙar, Odisi, Odisiyas ya je lahirarsu ya tarar da Akilis, ya fara yi masa kirari, kai kam ka more, kana da rai ana girmama ka yanzu kuma kai ne sarkin matattu. Akilis ya ce kar ka lallashe ni, na fi son in kasance a doron ƙasa ina ƙwadago a gonar wani talaka da ba shi da komai a kan in mulki matattu gaba ɗaya. Wanda ya saya da ransa ke nan fa yake faɗa maka cinikin bai yi ba.

Maman Ilham:
Yauwa ƙanwata, Allah ya yi miki albarka. Baban Khalifa sai ka zo ka amsa.

Baban Khalifa:
Hhh an haɗa min kai. To amma 'Yar Adabi ki ƙarasa mana, ni ma na ɗan leƙa wajen. Bayan ya faɗi haka ai tambaya ya yi ina labarin ɗana, da aka ce masa ɗanka ya yi jarumta a Troy sai ya juya yana taku da faɗi cikin murna. Ashe dai har a can sunan bai fita daga ransa ba.

'Yar Adabi:
Wlh ka kama ni, haka ne. Shi ya sa nake cewa mawaƙan nan ba sa yanke hukunci, sai su ba ka da hannun dama su karɓe da hagu. Shi kansa Odisiyas ai an yi masa tayin abin da Gilgamesh ya rasa, wata gunkiyarsu Kalifso ta riƙe shi shekara 7 a tsibirinta ta ce zauna da ni ba tsufa ba mutuwa, ya ce na ji na gode, na san matata ba ta kai ki kyau ba kuma za ta tsufa, amma gida nake so.

Maman Ilham:
Wannan ne namiji a cikinsu duka. Ko da yake shekara bakwai kafin ya tuna gida ma abin dubawa ne 🙄

Ɗan Maraɗi:
Sallama gare ku. Ni hwa ina ganin kun manta da mutum guda, wanda ya yi waƙar. Kakana mahalbi ne, ya yi suna ƙwarai wajenmu, har an ce ya taɓa kashe kura da ta addabi ƙauyukka uku. Amma jarumtarshi duk a bakin makaɗinshi take, in ya taho kasuwa ana kiɗa mishi ana kirari gashin jikinshi na tashi, ya hidda abin da ke aljihu duka ya bada. Makaɗin ya rigaye shi mutuwa, ɗiyan makaɗin kuma suka tahi lekol ba wanda ya gaji ganga. Yanzu duk duniya mutum guda ta rage da ta san kirarin, gwaggona, ta kusa shekara 90, in tana cikin nishaɗi takan yi layi biyu uku sai ta ce ta mance sauran. To kun gani, kura dai an kashe ta da gaske, amma sunan a hannun wani yake. Jarumi ba shi da iko da shi ko kaɗan. Mutanen Mali ma da ba don jali-jalinsu da ke miƙa labari baki da baki ba, wa zai san Sunjata yau?

'Yar Adabi:
Ɗan Maraɗi ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Baban Khalifa ya ce shekara dubu huɗu da wani abu ana kiran sunan Gilgamesh, to ba haka ba ne. Rubutun da aka yi labarin da shi, wanda ake danna tsinken kara a ɗanyen yumɓu, ya mutu tun wajen ƙarni na 1 Miladiyya, ba wanda ya ƙara iya karanta shi. Kusan shekara 1,800 labarin nan na kwance cikin ƙasa, sai ɗan ɓurɓushin sunan nan da can. Allunan da suka fi cika a ɗakin karatun sarki Ashurbanipal suke a Ninawa, garin Annabi Yunusa, daura da Mosul ta yanzu. Abokan gaba suka ƙone birnin a 612 kafin Miladiyya, kuma wutar da ta ci fadar ita ta gasa yumɓun ya ƙara ƙarfi. Sai wajen 1850 aka tono su, wani Bature Layard da wani ɗan asalin Mosul, Hormuzd Rassam, aka kwashe gutsattsari aka kai gidan tarihi na Landan.

Wanda ya fara karanto labarin ambaliyar a 1872 kuwa, George Smith, ba wani ɗan jami'a ba ne, sana'ar zana faranti na buga takardun kuɗi ya koya, lokacin cin abincin rana yake zuwa yana kallon gutsattsarin har ya iya. Ya rasu a Halab a 1876 yana da shekara 36, ciwon atini ya kama shi a tafiyar neman ƙarin alluna. Kuma ku ji abin dariya, har ya mutu bai san sunan jarumin Gilgamesh ba ne, Izdubar yake karantawa, sai a 1890 aka samu wani allo da ya nuna yadda ake furta shi. Wato mutumin da ya ratsa duniya don kada sunansa ya ɓace, da aka tono shi ma sai da ya yi shekara kusan 20 ana kiransa da sunan da ba nasa ba.

Direban Dare:
Izdubar kuma, kamar sunan maganin tari 😂

Baban Khalifa:
To ai duk da haka ya dawo. Nawa ne aka binne ba su dawo ba?

Ɗan Maraɗi:
Ya dawo amma ba da ƙarhinshi ba, sa'a ce. Da fadar ba ta ƙone ba, ko da mai tono ya kauce taku goma, shi da kakana duk ɗaya.

Injiniyan Kabuga:
Ni kuma bari in ɓata muku rai gaba ɗaya. Ganuwar Uruk da yake taƙama da ita, masu tono sun auna ta kai wajen kilomita 9. Ni aikina gini ne, na san me ake nufi da kilomita ɗaya ta katanga ko da da tifa da injin kwaɓa siminti, balle da hannu, a kwaɓa laka a zuba a ma'auni a shanya a ɗauka a ka. Wa ya yi wannan aikin? Su ne dai samarin da farkon labarin ya ce ya hana su sakat. Ba sunan ko ɗaya. Kullum in na bi ta gefen badala a nan Kano tunanin da nake yi ke nan, tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwa, to madalla, amma wanda ya ɗauki kwandon ƙasa fa? Ni a wurin aiki in an gama gini allon da ake kafawa sunan mai gida ne da na wanda ya zo yanke kyalle, birkila da lebura ko a hoto ba sa fitowa. Saboda haka in an ce ya samu dawwama ta ganuwa, da gumin wasu ya saya.

Ɗan Gwale:
Injiniya wannan kam ban kawo shi a raina ba sam. Amma ka san wani abu, da na sake duba ƙarshen, bai ce wa mai fiton dubi abin da na yi ba kawai. Lissafa masa garin ya yi, kashi kaza gidaje, kashi kaza gonakin dabino, kashi kaza kududdufin da ake ɗibar laka, ga filin ɗakin bauta. Kamar mai unguwa yana zagayawa da baƙo. Mutumin da ya fita yana cewa ni, ni, ni, ya dawo yana maganar gari. Ni a nan nake ganin kamar ya ɗan yi hankali.

Injiniyan Kabuga:
Ko kuma ya rasa abin nunawa ne ya nuna katanga. In ka dawo daga ci-rani ba ko sisi ai dole ka nuna wa baƙo gidan gado.

Maman Ilham:
Wai ba wanda ya ba shi shawara a hanya ne? Duk tafiyar nan ba mace ko ɗaya da ta ce masa bawan Allah koma gida?

'Yar Adabi:
Akwai Anti, kuma ita ta fi kowa hankali a labarin. Wata mai gidan giya ce a bakin teku, Siduri, da ta hango shi ma kulle ƙofa ta yi don ya yi kama da ɗan fashi. A tsohon kwafin labarin na wajen 1800 kafin Miladiyya ta ce masa rayuwar da kake nema ba za ka samu ba, tun da aka halicci mutum aka haɗa shi da mutuwa. Ka ci ka ƙoshi, ka yi wanka ka sa tufafi masu tsabta, ka dubi yaron da ke riƙe da hannunka, ka faranta wa matarka. Bai saurare ta ba ya wuce. Kuma a kwafin baya mai alluna 12, wanda ake jingina wa wani malamin rubutu Sin-leƙi-unninni, wannan nasihar babu ita.

Maman Ilham:
Ai dama. Mace ta faɗi gaskiya an goge 😅

Malam na Zariya:
Ban da giyar, nasiharta ba ta da laifi. Sai dai ta tsaya a rabin hanya, mu an ƙara mana da cewa in ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai abu uku, sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Ku lura ba a ce sai an san sunanka ba. Leburan Injiniya in ya haƙa rijiya da kyakkyawar niyya ana sha, ladansa na tafiya ko allo bai ɗauki sunansa ba.

Baban Khalifa:
Ranka ya daɗe Malam, na karɓi wannan. Amma ban janye ba fa, a cikin mutanen zamaninsa shi ya fi kowa cin riba.

'Yar Adabi:
Hhh Baban Khalifa ka ce ranka ya daɗe ka tuna min, tsohon nan mai jirgi a harshen Sumer, tsohon harshen yankin Uruk, sunansa Ziusudra, ma'anarsa rai mai dogayen kwanaki. Wato sunansa ke nan Ranka-ya-daɗe. Mu ma kullum muna yi wa manya fatan abin da Gilgamesh ya je nema, Allah ya ja zamaninka, Allah ya ba ka yawan rai, sai dai mu a baki muke tsayawa ba ma ɗaukar jaka.

Mai Shayi 2:
To wai ina maganar ganyen? Na ji an ce ya samu wani ganye.

Ɗan Gwale:
Af, na manta da shi kuma nan ne ya fi ban takaici. Da zai tafi matar tsohon ta ji tausayinsa ta ce wa mijin mutumin nan ya sha wuya, ka ba shi wani abu ya koma da shi. Sai aka faɗa masa akwai wani tsiro mai ƙaya a ƙarƙashin teku da ke mayar da tsoho yaro. Ya ɗaura duwatsu a ƙafa ya nutse ya tsinko shi, ƙayar na sukar hannunsa. Amma bai ci ba, ya ce sai na kai Uruk na fara gwadawa a kan wani tsoho tukun. A hanya ya ga tafki mai sanyi ya ajiye ya shiga wanka, maciji ya ji ƙanshi ya zo ya ɗauke, yana juyawa ya yi saɓa ya bar tsohuwar fatarsa a wurin. Gilgamesh ya zauna ya yi ta kuka, hawaye na bin fuskarsa, yana cewa wa na yi wa wannan wahalar.

Mai Shayi 2:
Kai! Da ni ne tun a cikin ruwan zan tauna wlh, ko da ƙayar.

Injiniyan Kabuga:
Kun gani ko, har a nan ma talaka zai fara gwadawa a kansa.

Ɗan Gwale:
Wasu kuma na cewa so yake ya raba da dattawan garinsa, ya danganta da yadda ka karanta.

Ɗan Maraɗi:
Injiniya ba ya karanta komi da kyakkyawan zato 😄

Direban Dare:
Jama'a ni dai an gama ɗaurin taya amma na ce wa yaron ba inda za mu, mun kwana nan Mokwa, idona ya fara yaji tun wajen labarin gurasar nan. In kun ga ban leƙo ba da safe kar wanda ya ajiye min gurasa a kai, na amsa laifina tun yanzu.

Maman Ilham:
Allah ya tsare hanya Direba. Ka ja birkin hannu da kyau kafin ka kwanta.